Zan je gida biki, ina zan bar ɗan karena mai tsoro?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Manchesta ta turo tambaya. Za ta je Kaduna bikin ƙanwarta a tsakiyar Disamba, sati uku, sai bayan sabuwar shekara za ta dawo. Tana da ɗan kare jinsin Yorkie, shekararsa 4, nauyinsa kilo 3, yara suka sa masa suna Zaki. Ta ce ko ƙararrawar ƙofa aka danna sai ya shige ƙarƙashin kujera yana karkarwa, kuma tunda aka kawo shi bai taɓa kwana a wani wuri ba. Tana so ta san inda ya dace ta kai shi, da yadda za ta gane wurin kirki.

'Yar'uwa, barka da shirin biki, Allah ya sanya alheri. Sunan nan na Zaki ya ba ni dariya, don a shekarun da na yi ina aikin likitan dabbobi a arewacin Ingila, duk ɗan karen da aka sa wa sunan jarumta, shi ne ake zaro shi daga ƙarƙashin benci in an zo allura. Kin kyauta da kika yi tambayar nan tun farkon Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wuraren da suka dace da irin karenki su ne suke fara cika kafin hutun Kirsimeti, domin ɗaya ko biyu kawai suke ɗauka a lokaci guda.

Na san zai iya ɗarsa miki a rai ki tafi da shi. Ki cire wannan. Fita da shi ba ita ce wahalar ba, dawowa ce. Najeriya tana cikin ƙasashen da Birtaniya ke neman gwajin jini na ciwon haukan kare kafin dabba ta shigo daga can, takardun suna cin watanni, kuma kare mai shigowa ta jirgin sama a ɓangaren kaya ake ɗauko shi, ba a cinyarki ba. Wanda ƙararrawa ke razana shi, me za ki ce da ƙugin injin jirgi? Balle gidan biki, da kiɗa da guɗa da yara, da mutanen da rabinsu ba sa son kare ya raɓe su.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kare mai tsoro ba ruwansa da kyan gini. Hotunan nan da ake sakawa a intanet na ɗaki mai talabijin da gado mai labule, don ke aka ɗauke su, ke ce mai biya. Shi abin da ya sani shi ne ƙamshin gidanku, ƙarar takunki a matakala, lokacin da kwanonsa ke taɓa ƙasa, da lungun da yake ɓuya in hankalinsa ya tashi. Duk wurin da bai raba shi da yawancin waɗannan abubuwa ba, shi ne wurin da ya fi. Da wannan ma'aunin nake auna komai.

Saboda haka na farko a wurina shi ne kada ya bar gidan ma. A samu mai zuwa ya kwana a gidanki, ko ɗan'uwa ko ɗalibi amintacce da karen ya riga ya sani, ko wanda sana'arsa ke nan. Ke kaɗai za ki ɓace masa, sauran duniyarsa tana nan yadda take. Sai dai ki sani, a Ingila mai zuwa gidanki ya kula da kare ba ya buƙatar lasisi, babu wani jami'i da ya taɓa bincikarsa, don haka binciken ya dawo kanki: ki nemi ganin inshorarsa, ki yi magana da mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki, ki tambaye shi awa nawa zai riƙa fita kullum. Kada kuma ki yarda da mai leƙowa sau biyu a rana ya zuba abinci ya tafi. Wannan na kyanwa ne. Kare a gida shi kaɗai dare da rana har sati uku zalunci ne, ko da mai jarumta ne.

Wani ɗan tsokaci game da 'yan'uwanmu. Na sha ganin an bar wa maƙwabciya ko matar aboki kare saboda ta ce "ai ba komai, kawo shi." Kunya ce ta sa ta faɗa. Yawancinmu mun taso kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje, kuma akwai wanda don tsarkin sallarsa ba zai so kare a kan dardumar falo ba. Ba laifinta ba ne. Amma ƙarshenta karen zai ƙare a gareji ko a bayan gida cikin sanyin Disamba, zumunci kuma ya yi tsami. In mutum bai saba zama da kare a cikin ɗaki ba, kada ki ɗora masa.

In ba a samu mai zuwa gida ba, sai na biyu: masu karɓar karnuka a cikin gidajensu, kare ya zauna tare da iyali kamar ɗan gida. Nan ne nake jin za ki ƙare, don haka bari in daɗe a kansa.

Tun 1 ga Oktoba 2018 dokar Ingila ta wajabta wa duk mai wannan sana'a ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukumarsa, ko a gidansa yake ajiye karnuka, ko yana da kenel, wato wurin ajiye karnuka mai ɗakuna a jere, ko na yini kawai yake karɓa. Jami'i yakan zo ya duba wurin, a ba shi tauraro daga ɗaya zuwa biyar, lasisin kuma ya yi shekara ɗaya, biyu ko uku gwargwadon abin da ya samu. Lambar lasisin ta kamata ta fito a tallarsa. Ki karɓi lambar ki duba a shafin ƙaramar hukumar, ko ki buga musu waya. A manhajoji irin su Rover za ki ga mutane da yawa masu fara'a da yabo rututu, amma yabon masu amfani da manhaja daban, lasisi daban. Ki tambaya kai tsaye. Wanda ya fara miki kwana-kwana, ki wuce. Sukotland da Wales suna da nasu tsarin, amma ke na Ingila ne ya shafe ki.

Kada taurarin su ruɗe ki kuma. Sabon shiga ba ya samun biyar tun farko ko da ya iya aiki, domin ba shi da tarihin da za a duba. Sannan tauraro yana auna tsabta da takardu da tsari ne, ba ya gaya miki ko gidan shiru ne. Na fi son dattijuwa mai tauraro uku da ke ɗaukar kare ɗaya tak, tana gida duk yini, a kan gida mai tauraro biyar da karnuka shida ke tsere a tsakar gida.

Dokar ta ba ki wasu haƙƙoƙi da ya kamata ki sani. Ba a haɗa karenki da karen wani gida sai da izininki a rubuce. Dole a samu ɗakin da za a iya ware shi shi kaɗai. Ba a sa shi a keji sai in ya riga ya saba da shi a gida kuma kin amince, kuma ko da hakan, kada ya wuce awa uku a cikin awa 24. Don haka in aka miƙo miki fom, ki karanta kafin ki sa hannu, musamman layin da ke cewa kin yarda a haɗa shi da wasu. Kare mai kilo 3 tare da mai kilo 30, ko wasa suke yi, taku ɗaya ya isa ya karya masa ƙafa. Na ɗora irin wannan karayar ba sau ɗaya ba, kuma a mafi yawansu babban karen ba mugu ba ne, murna ce ta yi masa yawa.

Gani ya kori ji. Ki je gidan da kanki, karon farko ba tare da Zaki ba. In kin shiga, ki fara da ƙofa. Ki tuna da zauren gidajenmu: mai shigowa ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Haka nake so ki gani, wata 'yar ƙofa ko shinge tsakanin inda kare yake da ƙofar titi, ta yadda in mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa aka buɗe, karen ba zai fice ta tsakanin ƙafafu ba. Daga nan ki fita bayan gida ki tsuguna, ki bi ƙasan shingen da ido. Duk ramin da tafin hannunki zai shige, Yorkie zai gwada shi.

Ina nanata wannan ne saboda babban haɗarin da ke kan kare mai tsoro a baƙon wuri ba cuta ba ce, gudu ne, musamman a kwana biyun farko. Akwai wata 'yar karya mai kama da naki da nake yi wa allura tun tana 'yar kwikwiyo. An kai ta wani gida da yamma, mutanen kirki ne ƙwarai. Washegari da safe mai gidan ya fita da ita, motar kwasar shara ta yi ƙara a kusa, ta ja da baya, kanta ya zare daga abin wuya, sai ga shi riƙe da igiya babu kare. Kwana huɗu ana nema. Aka gan ta sau da yawa, amma ko sunanta aka kira sai ta ƙara wuta, don karen da ya firgita ba ya gane murya. A ƙarshe tarko mai abinci aka kafa mata a bayan wani shago. Ta rayu, sai dai ta dawo ƙashi da fata, masu ita kuma sun katse hutunsu.

Darasin da ke ciki mai sauƙi ne. A daina ɗaura igiya a wuya, a saya masa ɗamarar ƙirji mai maɗauri na uku a bayan haƙarƙari, irin wadda ba ta zarewa in ya ja da baya. Dama ƙananan karnuka irin su Yorkie da Fomeraniyan da Ciwawa suna da raunin maƙogwaro, bututun iskarsu yana iya lotsawa, jan wuya yana ƙara musu tari. Abin wuya ya zauna don alamar suna kawai, wadda doka ta ce ta ɗauki sunan mai kare da adireshinsa; ki ƙara wata mai lambar wayar mai masaukin. Ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a sakinsa daga igiya a waje, ko sau ɗaya. Sannan 'yar na'urar shaidar nan da ake sakawa ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole ga karnuka tun Afrilun 2016, ki shiga rajistarta ki tabbatar adireshin na yanzu ne, ki ƙara lambar wani da zai kasance a Ingila. In aka tsince shi aka kira layinki kina Kaduna kin sa wani sim, aikin banza ne.

Karo na biyu ki je da shi. Yanzu ba gidan za ki kalla ba, mutumin za ki kalla. Wanda ya san aikinsa ba zai rugo ya sunkuya a kansa yana shafa shi ba. Zai zauna, ya ba shi gefe, ya ci gaba da hira da ke kamar babu kare a ɗakin, wataƙila ya jefa ɗan nama can nesa ya ƙyale. Wanda ya sure shi sama yana cewa karnuka duk suna sonsa, wannan bai san tsoro ba. Ki yi masa tambaya ɗaya: "In ya ƙi cin abinci, ya shige bayan kujera, me za ka yi?" In ya ce zai bar shi, ya ajiye masa ruwa da abinci kusa, ya zauna a ɗakin shiru, in an kwana ɗaya bai ci ba, sai ya kira likita, to kin samu. In ya ce zai fito da shi cikin sauran don ya ware, ki yi godiya ki kama hanya.

Ki lura da Zakin ma. Ba karkarwa kaɗai ce alamar tsoro ba. Lasar baki ba abinci, hamma ba barci, haki ba zafi, ɗaga ƙafar gaba ɗaya, kau da kai har farin idonsa ya fito, duk magana yake yi. Mafi ruɗarwa shi ne wanda ya yi tsit. Sau nawa na ji mai masauki na cewa "ai bai dame mu ba ko kaɗan, yana kwance wuri ɗaya." Wani lokaci wannan ba natsuwa ba ce, sandarewa ce, tsoro ya kai shi inda ya daina motsi. Alamar da nake yarda da ita uku ce: ya ci, ya yi fitsari da kashi yadda ya saba, ya yi barci a miƙe ta gefe. In kika ga ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa sannan ya fara shinshina ɗaki, ya soma saukowa ke nan.

Daga nan sai gwaji, kuma wannan ne abin da mutane suka fi tsallakewa. Awa biyu da rana, ki dawo ki ɗauke shi. Bayan sati, yini guda. Sannan kwana ɗaya, in da hali kwana biyu a ƙarshen mako. Abin da kike koya masa shi ne ana kawo shi nan kuma ana dawowa. Za ki biya kuɗin waɗannan kwanaki, amma sun fi duk wani magani da zan rubuta miki. Ki kauce wa satin 5 ga Nuwamba wajen gwajin kwana, lokacin da ake wasan wuta ko'ina. Daren nan ki zauna da shi a gida ki ga yadda yake yi, ki ɗauki bidiyo a waya, domin irinsa zai tarar a daren sabuwar shekara ba ki nan, ranar da doka ta yarda a harba har ƙarfe ɗaya na dare. Ki tambayi mai masaukin a fili ko zai kasance a gida a daren 31 ga Disamba, da kuma baƙi nawa yake jira ranar Kirsimeti. Gidan da yake shiru a Oktoba yana iya zama kasuwa a ranar, ga cakulan da kek mai busasshen inabi a kan kowane tebur, duka biyun guba ne ga kare, kuma mai kilo 3 kaɗan ya ishe shi.

Bidiyon nan ki kai wa likitanku. Akwai magungunan rage fargaba da muke bayarwa, irin su trazodone da gabapentin, akwai kuma Sileo, wani man da ake shafawa a dasashi don tsoron ƙara. Ba kowane kare ke buƙata ba, kuma ko an ba ki, a fara gwadawa a gida kina kallo, ba a ranar tafiya ba. Tsohon maganin nan acepromazine ba na son sa a irin wannan: yana kashe jiki ne, tsoron yana nan, kare yana ji yana gani ba ya iya gudu. Adaptil, wani sinadarin kwantar da hankalin kare da ake jonawa a soket, ba ya cutarwa, wasu yana ɗan taimaka musu, amma kada ki jingina da shi. Maganin barcin mutane kuwa, ko kusa.

Allurar rigakafi ba ta da tsawon bayani. Wuri mai lasisi zai nemi katinsa ya ga alluran manyan cututtukan karnuka, wato farbo, distamfa, ciwon hanta da lefto, duk suna kan lokaci. Da yawa suna neman ta tarin kenel, wadda aka fi ɗigawa a hanci, kuma suna so a yi ta aƙalla sati biyu kafin zuwa. Ki yi ta cikin Nuwamba ki huta. Maganin ƙuma da na tsutsar ciki ma haka. In mai masauki bai nemi katin naki ba, bai nemi na sauran ba ke nan.

Kenel fa, wato manyan wuraren nan masu ɗakuna a jere? Ban ce duka ba su da kyau ba. Akwai karen da ke tsoron sauran karnuka da baƙin mutane har ya fi samun sauƙi a ɗaki nasa shi kaɗai mai ƙofa a kulle, kuma ta fuskar gudu kenel ya fi gida tsaro. Matsalar ita ce ƙara. In ɗaya ya fara haushi duk layin ya ɗauka, a tsakanin bangon siminti ƙarar takan haura desibel 100, kuma kare yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 14 a rana. Ga sanyi: ƙa'ida ta ce wurin kwana kada ya gaza digiri 10, wanda ya ishi babban kare mai gashi biyu, amma Yorkie gashinsa ɗaya ne siriri, jikinsa kuma ba ya riƙe zafi. In dole ta sa sai kenel, ki je da safe lokacin rabon abinci ki ji da kunnenki, ki nemi ɗakin ƙarshen layi ko ɓangaren ƙananan karnuka, mai bango tsakaninsa da maƙwabci ba waya ba, mai na'urar ɗumama ɗaki.

Kayan da za ki haɗa masa: abincinsa na kullum wanda zai kai har ya yi saura, an auna na kowace rana, domin canjin abinci a kan fargaba zawo yake kawowa, wani lokaci har da majina da ɗigon jini. Kwanonsa, shimfiɗarsa ba a wanke ba, da wata tsohuwar rigarki ko ɗankwalin da kika kwana da shi. Takarda ɗaya, ba littafi ba, mai lokacin cinsa, abin da ke razana shi, inda ba ya so a taɓa, da kalmomin da ya sani. In da Hausa kuke ce masa "zo" da "zauna", ki rubuta wa mai masaukin yadda ake furta su, na ga karen da aka ce kurma ne alhali Turanci ne bai iya ba. Ki sanar da asibitinku a rubuce cewa wane yana da izinin kawo shi, da iyakar kuɗin da za a kashe ba sai an same ki ba, ki kuma bar wani a gari wanda zai iya zuwa ya ɗauke shi in abin ya ƙi.

Ranar kai shi, ki kai shi kwana ɗaya kafin jirginki, da safe, bayan ya yi yawo ya gaji. In wani abu ya taso kina nan kusa. Kada ki tsaya rungume-rungume da hawaye a bakin ƙofa, yana karanta jikinki fiye da yadda kike zato. Ki miƙa igiya, ki yi sallama da mai gida kamar yadda kika yi a ranakun gwaji, ki fita. Ku yi da shi ya riƙa turo miki gajeren bidiyo ta WhatsApp, ba hoto ba, don hoto ba ya nuna karkarwa. A Disamba Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, in ya turo da ƙarfe takwas ɗinsa za ki gani da tara. Kiran bidiyo don ya ji muryarki kuwa, ki haƙura da shi: zai tashi yana neman ki ɗaki-ɗaki, mai masaukin ne zai kwana yana lallashi.